Karan Ɗangana

Ni ban yi lekol ba, boko ke nan, kuma ba ni jin kunyar faɗi. Amma in maganar gini ce, daga Buza har Madawa a tambayi kowa Mato ɗan Ɗangana. Shekara talatin da ɗaya ke nan ina riƙe da cokalin gini. In na ƙwanƙwasa bulo da gindin cokali, kunnena kaɗai ya isa shi gaya mini ko bulon nan za shi ga jikoki ko damina biyu za ta cinye shi.

Duk abin da nis sani daga ubana nis same shi, Allah shi jiƙan Ɗangana. Kun san ƙasarmu ta Adar, rana ba ta da kunya, ruwa kuma sai an bi shi da jaki. Bulon siminti kuwa in bai sha ruwa kwana bakwai ba, ƙonewa shike. Ka gan shi a ido tas, ka ɗaga shi, shi marmashe maka a hannu. Wata shekara Baba shina ginin magaza, ɗakin ajiyar kaya, wajen Keita, ruwa yay yi musu wuya, sai yal lura da yadda masu albasa suke rufe irinsu da kara don laima ta zauna. Yac ce to, ai bulo ma ɗan reno ne. Daga ranar bulonshi bai sake kwana tsirara ba. A buga da sassafe, rana na ɗagawa a aje mul, ƙarfen nan da ake bugawa da shi, a lulluɓe bulon da karan hatsi, wato gero, a riƙa zuba ruwa ta bisa karan safe da marece. Tano guda, wato duro, sai shi yi aikin tano biyu. Magina sunka yi ta yi mishi dariya, wai Ɗangana shina yi ma bulo shimfiɗa kamar mai jego. Shi dai yac ci gaba da shimfiɗarshi. Magazan nan tana tsaye har yau.

Baba ya rasu ba a taɓa rubuta sunanshi ko bisa takardar ƙunshin shayi ba, kuma wanga abu ya daɗe shina cina. Duk ginin da munka gama sai a kafa allo, ga sunan poroje, ƙungiyar da tab ba da aikin, ga sunan injiniya, magini kuwa oho. Buri guda gare ni a duniya bayan cikawa da imani: in ga an rubuta Ɗangana a takarda, an ce shi yat tsiro da rufe bulo da kara.

Bara waccan, farkon bazara, wani poroje yab ba da ginin azuzuwa a wuri biyu. Anka ba ni na wajen Azarori, anka ba Zakariya'u na Bangi. Zakariya'u taubashina ne, ɗan Gwaggo Kulu ƙanwar Baba. Tare munka koyi aiki a hannun Baba, tare munka sha ranƙwashi, amma na riga shi iya ɗaure igiyar gini da shekara biyu, ko shi ba shi musu. Sai yat tahi ci-rani Aljeriya, yay yi shekara tara, yad dawo da moto, wato babur, da baƙin tabarau da faransanci kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Tun daga nan mutane sunka fara ce mishi shef, wato shugaba. Ni kuwa ina nan a Matona.

Ran nan Injiniya Bashiru, mai duba aikin namu mu biyu, yaz zo shantiye, filin da muke ginin, yac ce mini akwai wata ɗalibar jami'a, Rufaida sunanta, za ta zo bincike don littafin gama karatunta. Wai so take ta san buhun siminti guda bulo nawa shike badawa, mutum nawa suka buga shi cikin awa nawa, ruwa tano nawa shike sha, nawa ke karyewa kafin su hau bango.

"Duk abin da tag gani, littafi za shi shiga," in ji Bashiru.

Nic ce a raina, Allah ya kawo ranar Ɗangana. Nit tahi nis sayi sabon kara amalanke biyu, a bazara fa, lokacin da masu bisashe ke rububinshi. Nis sa anka share shantiye, anka jera bulo sahu-sahu anka lulluɓe. Mun kama ɗaki a Azarori ni da matata Cima har aikin shi ƙare, nic ce ta wanke mini rigar Juma'a.

"Ɗaliba ce za ta zo ko gwamna?" in ji Cima.

Ban kula ta ba. Kwana biyu ina kallon hanya, sai anka ce ɗalibar ta sauka Bangi.

To, nic ce ba komi, sati guda ne ta zo nan. Sati yaw wuce, na biyu yab bi shi, na uku yash shigo. Labari kuwa ba shi yanke mini, don Mukhtar mai kamyon da ke kawo muna siminti shi ke kai musu. Mukhtar in bai yi magana ba ciki ke kumbura mishi.

"Wallahi Mato, yarinyar nan ba ta rabuwa da shef. Ga agogo a hannu, ga kaye na rubutu, ko tari yay yi sai ta rubuta. Jiya hoto tad dinga ɗaukar shi, ya fi goma."

"Bulo nawa shike bugawa a yini?"

"Na ji an ce ɗari bakwai."

Ɗari bakwai! Ni ɗari biyar nike bugawa da mutum shida, haka Baba yab bar mini. Ba zan ɓoye muku ba, kishi yak kama ni, irin wanda ke hana tuwo wucewa. Yaron da nir riƙe ma igiya, yaron da ya taɓa gina kusurwa ta karkace har Baba yas sa shi rushewa shina kuka, yau shi ake rubutawa a kaye? Ni da karana muna zaune kamar kayan da anka manta a tasha.

Ranar kasuwar Bangi nic ce ma Cima zan tahi sayen igiya.

"Igiya ta ƙare a Azarori ke nan," tac ce, tana tankaɗe, ko kallona ba ta yi ba.

Da nis sauka Bangi ban bi ta kasuwa ba, kai tsaye shantiyen Zakariya'u nin nufa. Abin da nif fara gani ya tsaya mini a rai: bulo sabon bugu, sahu wajen goma a gaban filin, tsirara cikin rana, ko tsinke guda babu a bisansu. Nic ce lallai, ashe ya yar da aikin Baba, kuma shi ne anka zo daga jami'a ana ɗauka hoto. Ban zagaya bayan ginin ba. Da na zagaya, da wanga labari bai faru ba.

Suna zaune a rumfa, shi da ɗalibar da leburori, ana shan shayi. Siririya ce, da hijabi da manyan takalman aiki. Tana ganin furfurata tat tashi tad durƙusa tag gaishe ni. Zakariya'u kuwa yaɗ ɗaga murya.

"A'a, a'a! Ga bawana ya zo gaida ubangidanshi!"

Shi ɗan mace, shi ne bawana, kowa ya sani, amma bakinshi kullum ya riga nawa. Yaj juya wurin ɗalibar.

"Malama, ga mutumin da nike ba ki labari. Mato, har yanzu kana yi ma bulo shimfiɗa kamar mai jego?"

Leburori sunka tuntsure da dariya. Wasan taubasai ne, mun yi wanda yaf fi wanga sau dubu. Da wata rana ce, da na ce mishi shi cire tabaran makafi tukuna shi ga bulon. Amma ran nan cikina cike shike da sati uku na ƙyashi. Rufaida tab buɗe kaye, tag gyara bik ɗin rubutu.

"Baba, ashe kai ne mai kara? Don Allah ina son ka ba ni labarinshi tun daga tushe."

Nid dubi bulon nan tsirara, nid dubi tabarau, nid dubi haƙoran leburori. Sai nig ga kamar duk sati ukun nan da ni suke shan shayi, ana ba baƙuwa labarin wani baƙauye a Azarori mai yi ma siminti gado.

"Wane kara?" nic ce. "Ɗiyata, wanga aikin ƙauyawa ne na da. Na bar shi tuni. Ban ma san wanda yat tsiro da shi ba."

Dariyar Zakariya'u taɗ ɗauke. Yac cire tabarau, yad dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Ita kuwa tas sunkuya tar rubuta abin da nic ce. Ban sha shayinsu ba. Nik koma Azarori, igiya ma ban saya ba.

Washegari nic ce a yaye karan duka. A cikin leburorina akwai Jima, tsoho ne, tun zamanin Baba shike aiki da mu. Yat tsaya da bokiti a hannu.

"Mato, a wanga zafi?"

"Kai anka ba aikin ko ni?"

Yas sauke bokitin. Munka kwashe karan amalanke biyu, nib ba wani makiyayi da ke wucewa, shina ta sa mini albarka. Nic ce daga yau babu aje mul da hantsi, a buga har azahar, a ci abinci, a koma har la'asar. In Zakariya'u ɗari bakwai ne, ni sai na ga bayan ɗari takwas. Mutane shida sunka dinga zuba gumi, suna harara ta gefen ido. Ruwa kuwa in an zuba ma bulon, kafin ka juya ya bushe. Da tano biyu muke yini, sai ga mu muna shan huɗu, masu jakai suna ta kai da komowa.

Bayan kwana huɗu Rufaida ta iso. Kwana goma tay yi da mu. Tun da asuba tana nan da agogonta, tana ƙirga buhu, tana ƙirga tano, tana ƙirga bulo. Ba ta sake yi mini maganar kara ba. Ni kuwa sai taƙama nike da rigar Juma'a cikin ƙurar siminti.

"Ɗari takwas da ashirin yau, malama. Rubuta da kyau, kar bik shi yi rowa."

"Na rubuta, Baba."

Amma kunnena ya sani. Rana ta uku niƙ ƙwanƙwasa wani bulo a ɓoye, nij ji ya amsa mini kamar tukunya mai tsaga. Niƙ ƙwanƙwasa na kusa da shi, haka. Daga nan sai nid daina ƙwanƙwasawa.

Ranar da munka fara ɗibar bulon zuwa bango, Rufaida taz zauna bisa tano tana ƙirgawa. Lebura shi ɗauko, kusurwa ta zube. Shi ɗauko wani, shi rabe biyu a kafaɗarshi. Jima kuwa sai dai shi tattara karyayyun shi kai gefe, shi jera su tsaf yadda kowa zai gani. Kafin azahar tarin ya kai mini ƙugu. Wallahi da zagina Jima yay yi da ya fi mini sauƙi.

Yarinyar tana da tarbiyya. Sai da leburori sunka tahi salla sannan taz zo inda nike zaune a gindin aduwa, tad durƙusa.

"Baba, cikin kowane ɗari, ashirin da shida sun karye."

"Na gani, ba makaho ba ne ni. A Bangi nawa?"

"Uku. Wata rana huɗu."

"Ƙarya ne! Da bulo tsirara cikin rana?"

"Ba tsirara suke ba, Baba. Waɗanda kag gani ran nan bugun safiyar ne, kara ya ƙare musu, amalanke shina hanya daga kasuwa. Sauran duka suna bayan aji a lulluɓe. Baba Zakariya'u bai taɓa barin bulo ya yini ba kara ba."

Nic ce to ɗari bakwai ɗin fa? Tac ce ai mutum tara gare shi da mul biyu. In an raba bisa kan mutum, ɗari biyar ɗina na da sun fi nashi.

Ba ta tsaya nan ba, da ma ta tsaya. Tac ce tun ranar da tas sauka Bangi Zakariya'u yag gaya mata ya ga masu rufewa da leda a Aljeriya, ya ga masu rufewa da buhu, bai ga abin da yak kai karan kawunshi Ɗangana ba. Yac ce mata shi rabin abin yas sani. Wanda yas san dalilin da yas sa karan hatsi yaf fi na dawa, da kaurin da ake shimfiɗawa, da ranar da ake yayewa, Mato ne.

"Saboda kai niz zo, Baba. Na fara da Bangi ne don can anka riga fara bugu."

Tab buɗe jaka taf fito da wata takarda. Tac ce a jami'arsu ba a sa sunan mutum a littafi sai da yardar nashi. Ta ba Zakariya'u shi sa hannu, yaƙ ƙi, yac ce ɗan mutum na raye, ɗan ƙanwa ba shi shiga gaba. Kuma abin da ke cikin kayenta daga bakina shi ne ban san wanda yat tsiro da abin ba. In na gyara maganata, na dangwala yatsa a nan, za ta rubuta Ɗangana na Buza, da shekarar, da magazan Keita.

Ga abin da nike roƙon Allah shekara da shekaru, an kawo mini har gindin aduwa. Hannuna har ya miƙa. Sai shaiɗan yas sa nit tambaya.

"Hoton wa za a sa kusa da sunan?"

"Na Bangi, Baba. Can nig ga aikin da idona. Nan babu karan da zan ɗauka."

"Da Zakariya'u a ciki?"

"Shina ciki."

"Da tabarau?"

Tad danne dariya, tac ce da tabarau. Ni ban ga abin dariya ba. Abin da nig gani shi ne fuskar Zakariya'u ta cika shafi, shina tsaye bisa kara kamar shi yah haife shi, sunan ubana kuma can ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Nic ce ta ƙara sati biyu in sake bugu in rufe, ta ɗauki nawa. Tac ce jibi za ta koma, kwanakin da anka ba ta sun ƙare.

"To a bar shi," nic ce.

Taɗ ɗauki bik. Sannan tar rubuta lambar salularta a bayan takardar, tab ba ni da hannu biyu. Tac ce har ƙarshen wata tana iya ƙarawa, in na sa hannu in ba Mukhtar shi kai ma Injiniya.

Takardar nan ta yi kwana goma sha tara a aljihun rigata. Na sake sayen kara, na sake buga bulon da yal lalace, Jima shina shimfiɗawa shina waƙa ƙasa-ƙasa don shi ƙular da ni. Kullum da safe Cima sai ta tambaya.

"Ka ba Mukhtar?"

"Gobe."

"Mato, ubanka ne fa, ba uban Zakariya'u ba. Mai fushi da kasuwa shi ke kwana da yunwa."

Na san gaskiya gare ta, shi yas sa nike yi mata tsawa. Sau uku ina fito da takardar in shafa tawada a yatsa. Duk sanda nib buɗe ta, tabaran nan nike gani. Wata yam mutu, takarda tana aljihu.

Bana da sanyi poroje yat tara magina a Madawa, mun fi mu arba'in, daga Buza, daga Keita, daga ko'ina. Injiniya Bashiru yar raba muna wata takarda mai hotuna da anka ciro daga littafin Rufaida, yac ce daga yau duk mai son aikinsu haka za shi yi renon bulonshi. Ga kara a shimfiɗe, ga mai zuba ruwa, ga Zakariya'u tsaye a gefe. Hoton ma ƙarami ne, bai kai tafin hannu ba. Nic ce ma Mukhtar shi karanta mini abin da anka rubuta a bisa. Yac ce an rubuta dabarar Bangi. Nis sa shi ya bi takardar layi-layi har ƙasa, ko Allah ya sa. Babu Ɗangana.

Zakariya'u yam miƙe cikin taro, yac ce jama'a su sani wagga dabara ba tashi ba ce, ta kawunshi Ɗangana ce na Buza, ga ɗanshi nan zaune. Anka yi tafi, ana cewa kai, shef akwai tawali'u. Kafin mu kai tasha kowa ya manta, sai dabarar Zakariya'u kake ji a bakin mutane. Magana iska ce, takarda kuwa kowa ya naɗe tashi ya sa aljihu.

A bakin tasha yat tarar da ni. Babu tabarau, babu wasa.

"Taubashi, mi yah hana ka?"

Nik kau da kai. Kuma ku ji halin ɗan Adam, har kirkin nan nashi haushi yab ba ni.

Shekaranjiya ina wani ɗan aiki a bayan Buza, katangar wani mai albasa. Mun gama bugu da hantsi, ina durƙushe ina shimfiɗa kara da hannuna, yadda Baba yak koya mini, kai da gindi, kai da gindi, don ruwa shi bi ta tsakani. Sai wani magidanci yaz zo wucewa bisa jaki. Ɗan unguwarmu ne, a ɗakin da Baba yag gina anka haife shi. Yaj ja jaki yat tsaya, shina kallo shina murmushi.

"A'a, Baba Mato! Kai ma ka koyi dabarar Zakariya'u?"

Niɗ ɗaga kai nid dube shi. Takardar Rufaida tana nan a aljihuna har yanzu, ta yi laushi don wanki ya taɓa cin ta.

"I," nic ce, "na koya."

Yac ce madalla, yak kaɗa jakinshi. Ni kuma nic ci gaba da shimfiɗa karan, don rana ta fara zafi.